Dunƙulen Miya da Daudawar Inna

A wani ƙauye kudu da Maraɗi, ba nisa da hanyar da ke zuwa Ɗan Isa, akwai wata tsohuwa wadda ta yi shekara fiye da 40 tana sana'ar daudawa. Mutanen ƙauyen ba su kiranta da sunanta, sai dai Inna Mai Daudawa. Wurin uwarta ta koya, uwar kuma wurin tata uwar. Da kuɗin daudawa ta saya wa ɗanta na fari allo da alli sa'ad da aka sa shi lakwal, da su kuma ta yi wa ɗiyanta mata kayan ɗaki. Yaron ya yi karatu, ya zama malamin lakwal a cikin birni, ya auri ɗiyar wani dattijon ikilisiya, haifaffiyar birni. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, gama ɗan fari ne. "Yaron nan" take ce masa, har furfura ta fito masa.

Duk sa'ad da ta zo birni ganin jikoki, takan zo da daudawa ƙunshe cikin tsumma. Matar ɗan takan durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, sa'an nan ta zuba cikin wani gwangwani mai murfi ta kai can ƙuryar ɗakin ajiya. Yara kuwa sukan toshe hanci su gudu waje suna dariya. Inna ba makauniya ba ce. Ta lura gwangwanin nan cika yake yi, ba ya raguwa, ta kuma ga takardun dunƙule masu walƙiya a zube kusa da murhu. Amma tsakanin uwar miji da matar ɗa akwai kunya, saboda haka shekara da shekaru ba wadda ta ce wa wata uffan a kan maganar.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake yin daudawa ba, ba zai gane abin da ke cikin tsumman nan ba. Da bazara ake kaɗo ƴaƴan ɗorawa. A fasa ɓawon, a fid da garin nan mai ruwan ɗorawa wanda yara ke lasa har bakinsu ya rine. Ɓawon ma ba a yar da shi, da shi ake makuba ta shafen daɓe da bango. Abin da ya saura shi ne kalwa, ƙwaya baƙa mai tauri kamar tsakuwa. Kalwa ba ta nuna da wasa. Inna takan ɗora ta da la'asar, ta kwana tana iza itace tana ƙara ruwa, wani lokaci har rana ta sake yin tsaka. In ta yi laushi sai a zuba a turmi da ɗan yashi ko toka, a sussuka a hankali don baƙar rigar ta saɓule ba tare da an farfasa ƙwayar ba. Daga nan sai wanki. Ruwa tulu bayan tulu, ana murzawa ana tacewa da ƙwarya mai huji, a ƙauyen da rijiyarsa ke da zurfi. A sake dafawa, a tsane, a juye da zafinta cikin kwando, a rufe da ganye da tsofaffin buhuna, a kai ɗaka a bar ta kwana 2 ko 3. A nan ne abin yake faruwa. In mutum ya sa hannu ƙarƙashin buhun a rana ta biyu zai ji ɗumi, alhali ba wuta kusa. A rana ta uku ƙwayar ta yi yauƙi, ta yi duhu, warin kuma ya kai gida na uku. Sai a kirɓa, a mulmula, a shanya a rana.

Inna tana da wani kwando da wani buhu waɗanda ba ta yarda kowa ya wanke da sabulu. Ta ce albarkar uwarta na ciki. Wata shekara da aka yi mata karambani aka saya mata sabon baho na roba, daudawar ta ƙi, ta yi tsami, aka zuba wa kaji.

To, a ajiye wannan wahala duka a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma a ajiye ɗan dunƙulen da ake samu a teburin bakin ƙofa, a ɓare a murmushe cikin tukunya. Ba itace, ba jan ruwa, ba wari a zane. Duk mai zargin matan zamani da ƙyuya a kan wannan, a ba shi turmin kalwa ya gwada kwana ɗaya.

Abin mamaki kuwa, saboda mata marasa lokaci aka ƙago shi tun farko. Julius Maggi mai injin niƙa ne a wani wuri da ake kira Kemptthal a ƙasar Suwizalan. A zamaninsa mata da yawa sun shiga aikin masaƙu, suna fita da asuba su komo da dare, ba lokacin girki, yara suna ramewa. Wani likita mai duba masana'antu, Fridolin Schuler, ya ga maganin abin shi ne a sami abinci na wake da danginsa wanda zai nuna nan da nan, talaka kuma ya iya saye. Da shi Maggi ya yi shawara, ya fara fid da garin wake a 1884, ya bi da garin miya a 1886. Dunƙulen kansa sai a 1908 ya fito. Kamfanin ya haɗu da Nestlé a 1947. Ashe abin da ya zo ya ture kalwa daga tukunya, shi ma daga wake ya faro, ɗorawa kuwa a wurin masana itatuwa dangin wake ce.

Sunan ya sha wuya kafin ya iso nan. A watan Agusta na 1914, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamus, sai jita-jita ta bazu a Paris cewa allunan tallan dunƙulen Kub, na kamfanin, waɗanda aka kafa a bango da bakin hanyoyi, alamu ne na nuna wa sojan Jamus hanya. Aka bi ana ciccire su, taron jama'a kuma ya farfasa shagunan madara na kamfanin. Har aka ce an kama maigidan yana gudu da dukiya, alhali mutumin ya rasu tun 1912. Yau kuwa sunansa ya zama sunan kowane dunƙule. Ko Jumbo ne, wanda asalinsa na wani kamfanin Sifen ne, ko wani iri dabam da ya ƙetaro daga Najeriya, yarinya in an aike ta magi za ta ce a ba ta. Da yawa ma ba su san sunan mutum ba ne.

Matar malamin ba ta da zaɓi a cikinsu. Wanda ta tarar a tebur shi take saye, manya guda 2 a tukunyar miya, da cokali guda na gishiri. Haka aka yi ta yi har daminar 2019, sa'ad da maigidan ya fara fama da ciwon kai da jiri. Wata rana a cikin aji alli ya faɗi daga hannunsa, ya dafa tebur ya zauna. Aka kai shi likita. Majo ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce jininsa 18 ne, ga shi kuwa ba a so ya kai 14. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce wa matar, "Madam, a rage masa gishiri ƙwarai."

Matar nan tana ƙaunar mijinta, tana kuma jin magana. Ran nan ta ɗauke robar gishiri daga madafa ta kulle. Miya ta fito lami. Maigida ya ci loma 3 ya wanke hannu, yara suka tura kwano. Kwana biyu haka, sai ta ga mutumin da ake so ya warke yana neman ramewa. Dabara ta zo mata: tun da gishiri aka hana, ba a hana magi ba, sai ta mai da dunƙulen 4 maimakon 2. Miya ta yi daɗi, kowa ya ci, ta gode wa Allah.

Bayan wata guda suka koma awo. Jinin ya sauka kaɗan, amma ba yadda majo ya sa rai ba. Ya tambaya ko ana shan magani, aka ce ana sha. Ya tambayi gishiri, matar ta ce rabonta da taɓa shi wata guda cur. Majon dattijo ne, ya daɗe a aikin. Ya ce, "To, mi kike sa wa miyar?" Da ta faɗa masa, sai ya jawo aljihun tebur ya fid da dunƙule guda, da ma don irin wannan rana yake ajiye da shi. Ya nuna mata ƙananan rubutun da ke jikin takardar. Abu na farko da aka lissafa a cikin kayan haɗin shi ne gishiri.

Lissafin ba wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da wanda ke cikin burodi da kifin gwangwani da kome da kome. Babban dunƙule yana da nauyin giram 10, wajen rabinsa kuwa gishiri ne. Wato ta cire cokali guda daga tukunya, ta mayar da cokali biyu a naɗe cikin takarda. Majo ya ƙara mata da wani abin da ba ta zata ba, ya ce kanwa ma a yi hankali da ita, gama sinadarin da ke ta da jini a cikin gishiri, wanda ake kira sodiyam, yana cikin kanwa. Matar ta fita daga ɗakin awo tana share hawaye da bakin gyale. Ba wanda ya ruɗe ta, rubutun yana nan a jikin takarda tun da daɗewa. Sai dai wa ke karanta takardar magi?

Cikin makon nan Inna ta zo dubiya. Ta zauna a tabarma, ta dubi ɗanta ta gefen ido, ba ta yi masa magana mai tsawo ba. Da ya shiga ɗaka sai ta ce wa matar, "Ɗiyata, mi aka ce ya samu yaron nan?" Matar ta kwashe duka ta faɗa mata, har da maganar dunƙule 4, ba ta ɓoye ba. Sa'an nan ta yi shiru, ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da gwangwanin nan ta ajiye a gaban tsohuwar, kanta a sunkuye. Ta ce, "Inna, ban iya ba. A gidanmu ba a sa ta."

Inna ta buɗe, ta shinshina, ta ware ta bara da ta bana, ta ce a zubar da sauran. Ba ta ce kome ba a kan shekarun da gwangwanin ya yi a ƙurya. Ta sa aka kawo turmi. Ta daka daudawa da albasa, irin jar nan ta Galmi, da kauɗar tumatir da busasshen kifi da ɗan tattasai, ta zuba a ruwa tun yana sanyi, ta bar shi ya yi ta tafasa. Ta ce kuskuren masu ƙin daudawa ke nan, suna jefa ta a ƙarshe kamar dunƙule, alhali ita sai ta dahu warin ke tafiya daɗin ya zauna. Gishiri kuwa da yatsa uku ta ɗiba. Ta kaɗa kuka. Da dare malamin ya cinye tuwonsa, ya sa yatsa ya suɗe kwanon, abin da matarsa ba ta taɓa ganin ya yi ba.

Akwai dalilin da ya sa miya mai ƙarancin gishiri ta ciwu a daren nan, dalilin kuwa daga Japan aka gano shi. A 1908, shekarar da dunƙulen Maggi ya fito, wani malamin kimiyya na jami'ar Tokyo mai suna Kikunae Ikeda yana binciken abin da ke sa romon wani ganyen teku daɗi. Daɗin nan ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma na gishiri ba. Ya tace ya tace har ya ware sinadarin, wato gulutamet, ya kira ɗanɗanon umami. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, shi ne farin magi na kasuwa, shi ne kuma ke cikin yawancin dunƙule tare da gishiri da mai da kayan ƙamshi. Masana na Turai sun daɗe ba su yarda akwai ɗanɗano na biyar ba, sai a farkon shekarun 2000 aka gano wuraren da ke karɓarsa a harshen mutum.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin buhun Inna shi ne wannan. Wajen kashi ɗaya cikin uku na kalwa furotin ne, abin gina jiki. Wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, ita ke cin kalwar tana farfasa furotin ɗin, gulutamet ya fito fili. Aikinta ne ke kawo ɗumin, shi ke kawo warin. Ƙwayar nan tana da taurin rai, takan dunƙule ta jure zafi da fari, ta maƙale a saƙar kwando da zaren buhu tana jiran kalwa ta gaba. Don haka da Inna ta ce abin uwarta na cikin kwandon, ba ta yi nisa da gaskiya ba. Mutanen Japan ma da wannan ƙwaya suke ruɓar da waken suya su yi wani abinci mai yauƙi da wari da suke kira natto, su kuwa a cikin karan shinkafa suka saba samunta. Farin magi kansa a yau ba daga ganyen teku ake yinsa ba. Wasu ƙwayoyin ake ba ruwan rake ko sitacin rogo ko na masara a cikin manyan tankuna, su yi aikin. Tumatir da busasshen kifi suna da gulutamet, nonon uwa ma yana da shi, fiye da na saniya nesa ba kusa ba. Jikokin da ke toshe hanci sun san ɗanɗanon tun suna goye.

Kada a ɗauka daudawa magani ce. Inna ta so ta ce haka, har ta ba da shawara a bar ƙwayoyin likita, amma matar ɗan ta tsaya a kan maganar majo, cikin ladabi, ta kuwa yi daidai. Hawan jini yana da tushe da yawa, akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba da zama wuri ɗaya, wanda aka ɗora a kan magani kuma ba ya bari don kansa. Abin da daudawa ta yi shi ne ta ba miya daɗi ba tare da ta jawo rabin nauyinta na gishiri ba, in dai mai yin ba ta barbaɗa mata shi da yawa wajen shanya ba, gama akwai masu yi. Dunƙule kuma yana da nasa alheri wanda ba a cika faɗa ba. Da yawa da gishiri mai aidin ake yinsu, aidin kuwa shi ke hana maƙoƙo. Inna da kanta ta tuna a ƙuruciyarta mata nawa ne a ƙauyensu ke yawo da kumburin wuya, har da gwaggonta, yanzu kuwa sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Majo ya ce ɗan gishirin da za a sa, a tabbata mai aidin ne.

Sai ga wata matsala. A watan Agustan nan na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Da ma yawancin kalwar Inna daga kasuwar Jibiya take zuwa, domin ɗorawar ƙauyensu ta ƙare. Tana iya lissafa itatuwan da ta kaɗa tana yarinya, ɗaya bayan ɗaya, da gonar da kowace take. Fari ya kashe waɗansu, gatari ya ci waɗansu, awaki kuma ba su barin ƙanana su tashi. Itaciya ce mai ɗaukar shekaru kafin ta fara ƴaƴa, wanda ya shuka ba lalle shi zai kaɗa ba. A littattafan masana sunanta Parkia, don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya bi kogin Kwara cikin kwalekwale ya mutu a Busa a 1806. Matan da suka gano yadda ake mai da tsakuwar nan abinci, ba a san sunan ko ɗaya ba. Da kalwa ta yi tsada, Inna ta koma ga gurguzu, ƴaƴan yakuwa, ta yi daudawar batso, wadda warinta ya fi na kalwa. Ita ta riƙa aikowa birni a motar ranar kasuwa har aka buɗe iyaka.

Babbar jikar, wadda ke koleji, ta je ƙauye da hutu don ta koya. Ta jure kwanan wuta, ta jure sussuka da wanki. Ran da aka buɗe kwando ta fita da gudu ta yi amai a bayan danga. Da yamma ta komo ta taya mulmulawa, hancinta ɗaure da kallabi. Ko za ta riƙe sana'ar, ita ma ba ta ce ba tukuna.

A Kirsimatin shekarar nan aka sa matar malamin cikin masu girkin zumuntar mata. Ta kawo shawara a yi tukunya guda da daudawa da gishiri kaɗan saboda dattawa masu hawan jini, gama ba mijinta kaɗai ba ne a ikilisiyar. Aka yi ta gardama a gindin murhu. Wata ta ce baƙi za su zo daga Yamai, kada a kunyata su da miyar ƙauye. A ƙarshe aka yi tukunya 3, biyu da dunƙule, ɗaya da daudawa, aka ajiye ta can gefe. Fasto da dattawa suka ci daga ta gefen, baƙin Yamai ma biyu suka nemi ƙari, matasa kuwa ko kallonta ba su yi ba.

Inna ta kwana a birni don bikin. Washegari matar ɗan tana shirya mata kaya cikin kwando, sai ta ji wani abu mai tauri ƙulle a bakin tsohon zane. Ta kwance, ga dunƙule 6 sababbi. Ta ɗago kai ta dubi tsohuwar.

Inna ta miƙa hannu ta karɓe abinta, ta sake ƙullewa. Ta ce, "Wanga na taliya ne, ɗiyata. Taliya ba ta son daudawa."